Injin CNC ɗin da na haɗa a Gombe yana ɓatar da taku: yadda na bi matsalar daki-daki

Ina rubuta wannan ne saboda matasan da ke zuwa shagona a Bolari, nan cikin Gombe, kallon injin CNC, wato mai sassaƙa katako da umarnin kwamfuta, da na haɗa da hannuna. Waɗanda suka riga suka fara haɗa nasu kusan kuka ɗaya suke zuwa da shi: inji na tafiya, yana yanka, amma abin da ke fitowa a kan katako ba shi ne ke kan kwamfuta ba. Da'ira ta fito a karkace, rubutu ya zame gefe, rami ya wuce zurfin da aka ba shi. Ni ma na sha wannan tun daga hunturu har tsakiyar bazara, na yi asarar MDF, katakon nan na matsattsen garin itace, da ba na son tuna yawansa. Zan faɗi yadda abin ya gudana bi da bi, da wuraren da na je, da abin da na kashe, don wanda ke kan hanyar ya rage wa kansa zagaye.

Ga yadda injin yake, domin duk lissafin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Firam ɗin na bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, mai walda ya haɗa mini. Filin aikinsa wajen santimita 60 a faɗi, 90 a tsawo. Moto huɗu ne masu taku, samfurin NEMA 17: ɗaya na jan X (hagu da dama), biyu na jan Y (gaba da baya) gefe da gefe, ɗaya na ɗaga Z (sama da ƙasa). X da Y bel ne GT2 da fuli mai haƙori 20, Z kuma sandar zare ce T8. Ƙwaƙwalwar Arduino Uno ce da manhajar GRBL 1.1, a kanta akwai allon nan CNC Shield V3 da ƙananan direbobi DRV8825, wato na'urorin da ke auna wa moto wuta. Mai yankan kuwa ƙaramar rawuta ce irin ta kafintoci. Wutar direbobin da farko daga akwatin wutar tsohuwar kwamfuta na ɗauko ta, 12V. Abin da ya kamata kowa ya gane game da irin wannan moto shi ne ba ya mayar da rahoto. Zagaye ɗaya taku 200 ne, kowane taku digiri 1.8. Arduino na aika umarni yana ƙirgawa, amma ba shi da hanyar sanin ko moton ya taka ko bai taka ba. Kamar mutum ne da ke ƙirga takunsa cikin duhu: idan santsi ya ja shi baya, lissafin da ke kansa na nan daidai, amma shi ba ya inda yake zato. Duk abin da aka yanka bayan nan zai zame da wannan tazarar.

Matsalar ta fito fili ne a kan wani allon kan gado na amarya da wani kafinta ya kawo in yi masa zanen fure. Injin na sauka ne hawa-hawa, ya zagaya zanen, ya ƙara zurfi, ya sake zagayawa. Da aka gama sai na ga bangon furen ya yi matakala, kowane hawa ya gota na samansa da ɗan kaɗan zuwa dama. Kafintan ya duba, ya ce, "Oga, ai da kurfi na yi da hannu da ya fi wannan tsafta." Gaskiya ya faɗa, amma ranar ko abinci ban ci da daɗi ba. Duk wanda na nuna wa hoton amsarsa ɗaya ce, wai moto ya yi ƙanƙanta, in sayi NEMA 23 da manyan direbobi. Na tambayi farashi a Kano, moto huɗu da direbobinsu da akwatin wuta, lissafin ya haura naira 200,000. Ina cikin tunanin inda zan ciwo bashi na kira wani abokina da ya karanta injiniyanci a ATBU Bauchi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mutumina, kafin ka tura wa kowa kuɗi, ka tabbata ma taku yake ɓatarwa? Cire rawutar nan ka ɗaura masa biro."

Haka aka yi. Na ɗaura biro a jikin Z, na manna faffaɗan kwali a kan tebur, na aro rula ta ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, don tef ɗin kafinta bakinsa na wasa, ba a dogara da shi a irin wannan awo. Na umarci Y ya yi tafiyar milimita 800, na auna na samu 796. Na sake, 796 dai. Na ba shi 400, ya yi 398. Abokina ya ce wannan ba ɓatar da taku ba ne, tunda kuskuren ba ya canzawa, kuma yana ƙaruwa daidai da tsawon tafiya. Saiti ne. A lissafin takarda, idan an raba kowane taku gida 16, zagaye ɗaya ya zama 3200. Fuli mai haƙori 20 a kan bel mai tazarar milimita 2 na tafiyar milimita 40 a zagaye. 3200 raba 40 ya ba da 80, shi ne na sa a $100 da $101, wato saitin GRBL na yawan taku a kowace milimita a X da Y. Amma bel ɗin kasuwa ba lallai ya zo daidai da takarda ba, balle idan an ja shi. Gyaran shi ne a ninka tsohuwar lamba da abin da aka umarta, a raba da abin da aka auna: 80 sau 800 raba 796, ya ba ni 80.4. X ma ya samu ɗan gyara. A nan akwai tarkon da ke kama masu sauya direba: idan aka sa duk ƙananan jamfa uku a ƙarƙashin direba samfurin A4988, rabon gida 16 ne, amma a ƙarƙashin DRV8825 gida 32 ne. Wanda ya sauya bai lura ba zai ga injinsa na yin rabin tafiya. Haka sandar T8, akwai mai tafiyar milimita 8 a zagaye, akwai mai 2, kuma a ido kusan ɗaya suke.

A wannan makon ne na shiga Babbar Kasuwa na sayi kalifa mai batir, abin auna kauri da faɗi daidai, wajen naira 9,000, kuma abu na farko da ta tona shi ne bakin yanka. Bakin da aka sayar mini a matsayin mai milimita 6 ashe na kwata inci ne, 6.35. A manhajar zane kuwa 6 na rubuta. Ke nan duk ramin da na huda ya fi faɗi da 0.35, duk abin da na yanko ta waje ya ragu da 0.35. Idan ana so katako biyu su shiga juna, wannan ɗan bambancin ya isa su riƙa rawa. A auna kowane baki kafin a rubuta girmansa, abin da ke jikin kwalinsa ba hujja ba ne.

Mataki na gaba shi ne kusurwa. Na zana akwati mai kusurwa huɗu, milimita 300 da 400, wanda layin da ya ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa ya kamata ya zama 500 cif ta kowane ɓangare. Ɗaya ya ba ni 502, ɗayan 498. Gadar da ke ɗauke da X ba ta tsaya daidai a kan Y ba, shi ya sa da'ira ke fitowa a karkace ko da kowane layi tsawonsa daidai ne. Na kwance gadar, na ɗora a Keke Napep zuwa wajen mai waldan ta wajen Tashar Dukku. Na tarar yana haɗa get ɗin wani gida, na zauna kan benci tun hantsi har aka kira azahar. Da ya juyo kaina ya ɗora sikwaya ya ce, "Oga, ƙarfe in ya sha wuta dole ya ja. In na yanke na sake waldawa, wani wajen zai kuma ja." Shawararsa ta fi abin da na je da shi. Ya faɗaɗa ramukan noti na gefe ɗaya yadda za a iya matsar da gadar gaba ko baya kafin a ɗaure, ya karɓi naira 4,000. Sauran ɗan gibin na cike shi da yankakken gwangwanin lemo. Amma inji mai moto biyu a Y na da wata ɗabi'a: da zarar an kashe wuta, ko hannu ya taɓa gefe ɗaya sai ya goce. Don haka na kafa tubalan katako biyu a ƙarshen layin, kafin in kunna sai in jawo gadar ta jingina da su duka biyu. Na kuma mayar da $1 zuwa 255, wanda ke sa moto ya riƙe matsayinsa ko ba ya tafiya.

Na ɗauka an gama, ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Matakalar nan ta jikin fure na nan daram. A nan ne abokina ya koya mini gwajin da na fi amfana da shi a duk tafiyar. A ɗaure ƙusa mai tsini a bakin rawuta, a manna tef a tebur, a sauke tsinin ya yi ɗigo, a mai da wurin sifiri. Sai a ɗaga Z sama, a bar injin ya yi dukkan aikin a iska ba tare da ya taɓa katako ba, rawuta a kashe. In ya gama a ce masa G0 X0 Y0, wato ya koma sifiri, a sauke ƙusar a ga ko ta koma kan ɗigon. Sannan a maimaita rawuta na kunne amma a iska, sannan a maimaita da yanka na gaske. Matakin da ƙusa ta fara kuskure ɗigo shi ke nuna inda ciwon yake. Nawa tun a matakin farko ya faɗi, X ya dawo da gocewar fiye da milimita 1. Na ɗauki maka na ja layi ɗaya da ya ratsa kan shaf ɗin moto da fuli, na sake gwajin. Layin ya rabu biyu. Moton bai ɓatar da ko taku ɗaya ba a nan, fulin ne ke zamewa a kan shaf duk lokacin da aka juya da ƙarfi. Ƙananan sukurori biyu ne ke riƙe shi, kuma babu wanda ya zauna a kan shafaffen gefen shaf ɗin. Na juya fulin ɗaya ya hau wurin, na ɗiga musu jan farce tunda ban samu gam ɗin kulle zare a kusa ba, na ɗaure da alanki. Da na sayi manyan moto na naira 200,000 na ɗora musu fuli a haka, da matsalar ta biyo ni.

Tunda na riga na kwance, sai na kashe wuta na tura kowane layi da hannu daga farko zuwa ƙarshe. A tsakiyar Y akwai inda yake cijewa. Ƙurar hunturu da garin MDF sun haɗu da giris sun zama ƙulli a kan layin da jikin boris. Na wanke da kananzir, na daina lafta giris, na koma goge layukan da tsumma kowace safiya. Bel ɗin ma na ja shi yadda in an taɓa zai yi ɗan sauti, ba har ya riƙa wahalar da boris ɗin moto ba.

Daga nan ne na haɗu da ɓatar da taku na ainihi. A tafiyar yanka komai lafiya, amma idan injin ya ɗaga ya ruga wani wuri da gudu, wani lokaci sai a ji moto ya yi ƙara mai kaifi, gadar ta tsaya cak, lambobi kuma na ta gudu a kan kwamfuta. Dalilin shi ne ƙarfin irin wannan moto na raguwa yayin da gudu ke ƙaruwa, domin wuta ba ta samun lokacin cika naɗin wayar da ke ciki kafin taku na gaba ya zo. Ƙarin boltej ne ke tura ta da sauri, kuma 12V ya yi kaɗan. Na fara da abin da ba ya cin kuɗi, na rage iyakar gudu a $110 da $111, na rage saurin ɗaukar gudu a $120 da $121. Wannan na biyun ya fi muhimmanci ga gada mai nauyi irin tawa ta ƙarfe, don fizgar farko ce ke kayar da moto. Sannan na zagaya shagunan kayan wuta a gari neman akwatin 24V. Na 12V na kyamarar tsaro ko'ina akwai, na 24V kuwa kowa sai ya ce sai dai a yi oda. Daga Sabon Garin Kano aka saka mini mai 24V, 15A, naira 18,000, kuɗin mota 3,000. An ce gobe zai iso, goben ta zama jibi, jibin ta zama gata, ina ta sintiri tasha ina kiran lambar direban motar. Da ya iso na duba ɗan makunnin gefensa na tabbatar yana kan 220 ba 110 ba, sannan na haɗa. Bambancin a bayyane yake. Na riƙa ƙara gudu kaɗan-kaɗan har moto ya cije, sai na dawo baya da wajen kashi ɗaya cikin uku. Na tsaya a 3000 (milimita a minti) a saitin gudu, 150 a saitin ɗaukar gudu. Waɗannan lambobin na injina ne, kowa ya nemo nasa ta wannan hanyar.

Na samu 'yan makonni ina aiki lafiya, har kafintan nan ya dawo da wani allon. Sai bazara ta shigo. Wanda ya san Gombe a watan Maris da Afrilu ya san zafi na haura digiri 40, balle a shago mai rufin kwano. Sabuwar alamar daban ce: aikin safe ba ya samun matsala, gajeren aiki ma haka, amma dogon aiki da rana sai a yi nisa sannan gefe ɗaya na Y ya ɗan tsaya na ƙiftawar ido ya ci gaba, gadar ta karkace. Na taɓa ɗan alminiyon da ke kan direban, na janye yatsa da sauri. Na kwashi akwatin gaba ɗaya zuwa wajen wani dattijo mai gyaran talabijin a Jekadafari. Na jira ya gama da wata rediyo, sannan na yi masa bayani. Bai taɓa ganin CNC ba, amma da ya ji alamar ya ce, "Ɗana, wannan ai kare kansa yake yi. In ya yi zafi ya ɗauke, in ya huce ya dawo." Haka ne kuwa, DRV8825 na kashe kansa idan cikinsa ya kai wajen digiri 150, Arduino kuma bai san an yi ba. Na ce, "Baba, to a rage masa wuta ke nan?" Ya ce a fara aunawa tukuna. A kan kowane direba akwai ɗan sukuru da ake murɗawa. Ana ɗora baƙar wayar mita a GND, wato negatif, ja a kan sukurun, wutar moto na kunne. A DRV8825 mai resista R100, abin da mita ta nuna sau biyu shi ne iyakar amfiya. Nawa ɗaya ya nuna 1.2V, wato amfiya 2.4, alhali moton na 1.7 ne, shi kansa direban ba ya jure fiye da wajen 1.5 idan babu sanyaya. Sauran ukun kowanne da tasa lambar, haka suka zo daga kamfani. Baba ya saita su duka a 0.7V, wato amfiya 1.4, da sukundireban roba don kada ƙarfe ya haɗa wuta. Ya ciro fanka daga wata matacciyar kwamfuta, ya sa mata ɗan allon rage wuta zuwa 12V, ya ɗaura ta tana hura direbobin kai tsaye. Ya kuma gargaɗe ni kada in taɓa zare wayar moto wuta na kunne, nan take direba ke ƙonewa. Da ƙyar ya karɓi naira 2,000, ya ce na shayi ne.

Shi ne kuma ya lura ɗaya daga cikin ƙananan fulogan moto ya fara yin ruwan ƙasa saboda zafi. Irin waɗannan fulogan ba a yi su don jijjiga ba, in suka saki sai moto ya riƙa karkarwa a wuri ɗaya. Ya matse su ya bi da gam mai zafi, ya ce duk wayar da ke lanƙwasa tare da gada ta zama mai silli da yawa, kada a sa mai ƙwaya ɗaya irin ta wayarin gida, don tana karyewa a ciki roba na nan lafiya.

Wadda ta fi ba ni ciwon kai ita ce ta ƙarshe a ɓangaren wuta, domin ba ta da lokaci. Wata rana aiki ya tsaya a tsakiya kwamfuta ta ce ta rabu da inji, wata rana ALARM:1, ƙararrawar kaiwa iyaka, ya fito alhali babu abin da ya taɓa makunnin iyaka da ke ƙarshen layi. Gwajin ƙusa ne ya sake raba gardama: rawuta a kashe lafiya lau, rawuta a kunne sai abin ya dawo. Rawutar kafinta na da burushin gawayi da ke tartsatsi a ciki, wayarta kuma na ɗaure ta tare da ta makunnan iyaka da ta moto a hanya ɗaya. Na raba su, wayar rawuta ta bi ta sama ita kaɗai. Na sauya dogon kebul ɗin USB da gajere mai ƙullin baƙin ƙarfe a bakinsa. Makunnan iyaka na mayar da su irin waɗanda ke rufe sai an taɓa su buɗe, na sa $5=1 don GRBL ya san da haka, na ƙara ƙaramar kafasita 0.1uF a kowanne. Sannan na kira mai wayarin ya duba soket, ya tarar ramin at ɗin, wato na wayar da ke zuwa ƙasa, babu komai a bayansa, haka ginin yake. Ya kafa sandar at a bayan shago, muka haɗa firam da akwatin wuta a kai, kaya da aiki naira 12,000. Tun daga nan ƙararrawar ƙarya ta ɗauke. Wanda zai sa makunnin Z a CNC Shield V3 da GRBL 1.1 ya sani cewa ba a inda aka rubuta Z zai soka ba, a inda aka rubuta SpnEn ne, domin an sauya wa ƙafa ta 11 da ta 12 aiki bayan an zana allon.

Akwai kuma abin da ya shafi yanayin wutarmu. Arduino daga laftof yake shan wuta, laftof kuma na da batir. Idan wutar layi ta ƙifta, ko ƙaramin janareta ya durƙusa lokacin da rawuta ta tashi, moto sun mutu na ɗan lokaci amma Arduino na ci gaba da ƙirga. Wannan babu saitin da zai hana shi. Abin da ya cece ni shi ne kunna komawa gida da $22=1. Kafin kowane aiki sai in ba shi $H ya je ya taɓo makunnan iyaka, sannan in saita sifirin aiki, wanda GRBL ke ajiyewa ko an kashe wuta. In an ɗauke wuta a tsakiyar allo, in ta dawo sai in jingina gada da tubalanta, in sake $H, in ci gaba daga hawan da aka tsaya, maimakon jefar da katako. Kuma rawuta nake fara kunnawa ta daidaita kafin in danna fara aiki.

Saura matakin yanka na gaske. A MDF ƙusa na komawa kan ɗigo, amma da na sa madaci da na sayo a Kasuwar Katako sai ta kuskure. Nan kam ƙarfi ne ya gaza, ina cusa baki milimita 4 a hawa ɗaya. Na dawo 1.5 a katako mai tauri, 2 zuwa 3 a MDF. Rage gudu da yawa ba magani ba ne, baki sai ya riƙa gugar katako yana ƙona shi, ya dakushe, dakusasshen baki kuma ya fi neman ƙarfi. Lissafin da nake bi shi ne juyin rawuta sau yawan kaifin baki sau kaurin abin da kowane kaifi zai ɗebo: 18,000 sau 2 sau 0.04 ya ba da milimita 1440 a minti. In ɓarɓashi ke fita, ana kan hanya. In gari mai laushi ne da warin ƙuna, a ƙara tafiya ko a rage juyi. Zurfin da ke ƙaruwa da kansa kuwa, wanda na daɗe ina zargin moton Z, bakin ne ke zamowa daga maƙogwaron rawuta, wato abin da ke matse shi, don mai kwata inci da mai milimita 6 kowanne da nasa maƙogwaron, kuma gari na cika shi. Na sayi na daidai, ina wanke shi, ina yi wa baki alama da maka don in ga in ya sauko. Teburin ma na sa injin ya share samansa da faffaɗan baki ya zama bai ɗaya, na koma ɗaure katako da sukuru ta kusurwa huɗu maimakon matsewa ta gefe biyu.

Da na zauna na duba littafin da nake rubuta kowane gwaji, sai na ga kowace matsala da irin sawunta. Kuskuren da ke maimaita kansa daidai, yana girma da tsawon tafiya, saiti ne. Wanda girmansa ɗaya ne a ƙaramin abu da babba, a duba girman baki ko wasa a bel da noti. Layi daidai amma kusurwa a karkace, gada ce. Wanda ke taruwa hawa bayan hawa zuwa gefe ɗaya, a ja layin maka a kan fuli kafin a zargi moto. Mai zuwa da ƙara a lokacin gudu, saurin ɗaukar gudu ne ko ƙarancin boltej. Mai jiran rana ta take ko aiki ya yi nisa, zafi ne. Wanda ba shi da lokaci kuma sai rawuta na kunne, hayaniyar wuta ce. Abu ɗaya nake sauyawa a lokaci guda in sake gwajin ƙusa, don in an sauya uku tare aka dace, ba a san wanne ya yi aikin ba, ranar da ta dawo kuma sai a koma farko. Kuma a riƙa kwafe jerin saitin da umarnin $$ ya nuna a ajiye kafin a taɓa kowace lamba.

Duk abin da na kashe, har da kuɗin Keke da ƙananan tarkace, bai kai naira 60,000 ba, ban da katakon da ya lalace, kuma farashin nan na lokacin da na saya ne. Moto huɗun nan na farko su ne a kai har yau. Murabba'i mai milimita 100 yanzu yana fitowa da bambancin da bai wuce 0.2 zuwa 0.3 ba a kalifa, wanda ya ishi allon gado, allon suna da ƙofar kabad. Wanda zai riƙa yanka katako mai tauri kullum ko alminiyon, shi kam NEMA 23 da direba irin DM542 za su yi masa amfani, amma bayan ya bi waɗannan matakan. Abin da nake kai yanzu shi ne ɗora direbobin a kan batiran sola biyu masu 12V a jere da fis, don ƙiftawar wuta ta daina shafar moto. Sai dai in moto na tafiya rawuta ta mutu, baki zai karye a cikin katako, don haka dole in sa rile, makunnin da wuta ke sarrafawa, a layin rawutar da zai taɓa ƙafar Hold ta allon ya dakatar da tafiya da zarar wuta ta ɗauke. Rilen na hannuna, Baba ya ce in kawo akwatin bayan sallar Juma'a.